Babi na Shida: Wa Ke Yi wa Aboki Ta'aziyya?

A watan Nuwamban 2014 kamfanin Activision ya fitar da wani wasan yaƙi na kwamfuta mai suna Call of Duty: Advanced Warfare. Tun a farkon labarin, sojan Amurka da mai wasa ke riƙe da shi, Jack Mitchell, ya rasa amininsa Will Irons a wani gumurzu a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, shi kuma ya rasa hannunsa na hagu. Daga nan sai wasan ya kai ka maƙabarta. Ga akwatin gawa, ga sojoji a jere, ga mahaifin mamacin a tsaye. Sai rubutu ya fito a kan allo yana umartarka ka danna wani maɓalli domin ka yi wa mamacin bankwana. A kwamfuta harafin F ne. Da ka danna, Mitchell zai matsa ya ɗora hannun da ya rage masa a kan akwatin, sannan labari ya ci gaba.

Mutane da yawa sun yi wa wannan wuri dariya, suna cewa ta yaya za a mayar da jimamin mutuwa aikin yatsa ɗaya. Amma abin bai tsaya a dariya ba. Bayan wasu shekaru sai ga matasa a sassan duniya suna rubuta wannan harafi ɗaya tilo a intanet idan suka ji rasuwar wani da gaske, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Sun rasa kalmar da za su faɗa, sai suka ari wadda wasa ya ba su.

Wata bakwai kafin fitowar wannan wasa, a Afrilun 2014, 'yan bindiga suka shiga garin Gwaram na jihar Jigawa cikin dare. Suka afka wa ofishin 'yan sanda da kotun shari'a da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula ɗaya. Jigawa tana cikin jihohin da Allah ya sauƙaƙa wa rikicin Boko Haram, shi ya sa har yau mutanen yankin ba su manta da daren ba. Iyalan waɗanda suka rasu sun karɓi gaisuwa kamar yadda aka saba. To amma duk inda aka kashe mutum bakwai a bakin aiki, akwai na takwas da ya tsira, wanda suka ci tuwon dare tare da su, wanda ya ji muryar wani daga cikinsu a karo na ƙarshe. Wannan na takwas ɗin shi nake so mu duba a wannan babi. A wasan kwamfuta shi ake tsayarwa a gaban akwatin gawa. A garuruwanmu kuwa da wuya ka ji an tambayi inda yake.

Bari mu fara da yadda waɗannan wasanni suka iso mu. A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, gidan gem na ƙwallon ƙafa ne. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya ɗauki Barcelona, abokinsa ya ɗauki Madrid, wanda aka ci ya tashi. Wasan yaƙi ta waya ya shigo. Free Fire ya fito a ƙarshen 2017, kuma ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, sai Call of Duty: Mobile a Oktoban 2019. Tsarinsu kusan ɗaya ne: jirgi ya zubo mutum hamsin ko ɗari a wani fili da laimar sauka, kowa ya nemi makami, filin yana ta ƙanƙancewa, har a bar tawaga ɗaya a raye. Tawagar kuwa mutum huɗu ce.

Wanda yake son ganin abin da idonsa, ya je shagon mai cajin waya bayan isha'i. Za ka tarar da samari huɗu a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai, wayar ɗaya a jone da caji saboda batirinta ya gaji. Can sai ka ji ɗaya ya ɗaga murya: "An kayar da ni! Kai, zo ka tashe ni mana!" A cikin wasan, wanda aka harba ba ya mutuwa nan take. Yana faɗuwa ne yana jan ciki, jininsa yana raguwa a hankali. Sai abokinsa ya jefa gurneti mai hayaƙi, ya ratsa ta cikin harsasai, ya durƙusa a kansa na wasu daƙiƙu har ya miƙe. Idan bai isa da wuri ba, wanda ya faɗi zai koma akwati a ƙasa, abokansa su buɗe su kwashi harsashi da magani su yi gaba. A Call of Duty: Mobile ma akwai ƙari: za ka iya ɗauko ɗan ƙarfen suna na abokinka, irin wanda sojojin gaske ke ratayawa a wuya, ka yi amfani da shi jirgi ya sake sauko maka da shi a raye.

Ba na cikin masu cewa duk wannan shirme ne da ɓata data. Na lura cewa yaron da ya saba barin abokinsa a ƙasa don ya tsira da kansa, ba a daɗewa ake daina ɗaukarsa a tawaga, kuma maganar tana biyo shi har majalisa. Wannan tarbiyya ce, ko da ta waya ta shigo. Inda wasan ya yi ƙarya shi ne wurin tashi. Minti goma bayan an kashe kowa, su huɗun suna cikin jirgi suna dariya. Yaro zai ga mutuwar aboki sau ashirin a dare ɗaya, kuma kowane karo abokin yana dawowa.

Sai dai akwai wani ɓangare na waɗannan wasanni da ba a dawowa a cikinsa, wato ɓangaren labari. Shi sai da PlayStation ko kwamfuta mai ƙarfi, amma samarinmu da dama sun san shi ta gajerun bidiyo na YouTube da TikTok, kamar yadda suka san finafinan Indiya da ba su taɓa kallo daga farko zuwa ƙarshe ba. Mafi shahara shi ne labarin sojojin Birtaniya biyu, Kyaftin Price da yaronsa Soap MacTavish.

A wasan 2007, Call of Duty 4: Modern Warfare, Soap sabon zuwa ne a rundunar Price. A ƙarshen labarin an yi musu kaca-kaca a kan wata gada, kowa yana kwance cikin jini, sai Price ya turo wa Soap ƙaramar bindigarsa ta ƙasa, da ita Soap ya harbe jagoran abokan gaba. A wasan 2009 Soap ya zama kyaftin, ya jagoranci fasa wani kurkuku a Rasha don kuɓutar da wani fursuna da ba su san ko wane ne ba, sai ga shi Price ne. Nan take ya mayar masa da bindigarsa. A wasan 2011 kuma, a birnin Prague, bam ya tashi da su, Soap ya faɗo daga wani dogon gini, tsohon rauninsa ya buɗe. Mai wasa da kansa yake taimakawa a ja shi ta cikin tituna ana harbi, jini yana zuba, har a kai shi wata maɓoya a kwantar a kan tebur. A nan ya cika. Price, dattijon sojan da ba a taɓa ganin ya girgiza ba, ya kama shi yana jijjigawa yana kiran sunansa. Da ya tabbata babu rai, sai ya zaro waccan bindiga ya ɗora masa a ƙirji, ya ɗauki ɗan littafin da marigayin ke rubutu a ciki. Bai samu ko minti biyar ba, domin abokan gaba sun iso ƙofa. Dole ya bar gawar ya fita.

Shekara huɗu masu wasa suka yi suna tare da Soap kafin wannan tebur, shi ya sa mutuwarsa ta taɓa su. Haka ta wasu sojoji biyu, Ghost da Roach, a wasan 2009, waɗanda janar ɗinsu da kansa, Shepherd, ya harbe su a lokacin da suka ɗauka ya zo ɗaukarsu ne, aka zuba musu fetur aka cinna wuta, kai kuma kana kallo ta idon Roach. Da kamfanin ya sake gina labarin daga tushe, a wasan 2023 ya sake kashe Soap, wannan karon abokansa uku suka tsaya a kan wani tsauni a ƙasarsa ta haihuwa suka watsa tokar gawarsa. Wannan al'ada baƙuwa ce a gare mu, amma tsayuwar mutum uku a wurin da aka saba ganin huɗu ba ta buƙatar tafinta.

Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne ba ka ganin uwa, ba ka ganin mata, ba ka ganin marayu. Marubutan sun kawar da dangi gefe, suka miƙa wa aboki makokin gaba ɗaya. Dalilinsu na sana'a ne, domin mai wasa abokin kawai ya sani. Amma a cikin yin haka sun taɓo wata gaskiya da mu muka tsallake.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: a wajen riƙon wanda aka yi wa mutuwa, samun al'ummar da ta kai mu tsari sai an tona. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa. Maza su shimfiɗa tabarmi a waje, mata su cika tsakar gida, maƙwabta su ɗauke wa gidan girki. Kwana uku ana shigowa ana fita, ana "ya haƙuri", ana "Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan". Masu yin sadakar uku da bakwai da arba'in su yi. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, kowa ya san yadda zai yi mata magana. Gaisuwar ma tana da jeri: uba, baffa, kawu, yayye, ƙanne, 'ya'ya, surukai. Aboki ba ya cikin jerin. Shi nasa aiki ne. Shi ke zuwa haƙar kabari, shi ke kama makara, shi ke ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, shi ke shimfiɗa tabarmi da naɗe su. Kuma wannan aikin ma rahama ne, domin hannunsa ya taɓa gawar, idonsa ya ga an rufe, jikinsa ya gaji a kan hidimar amininsa, zuciyarsa ta samu abin kamawa.

Soja ko wannan ba ya samu.

Tun 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas. Sunan rundunar ya canza, daga Lafiya Dole a 2015 zuwa Haɗin Kai a 2021, amma masu zuwa bakin daga su ne dai 'ya'yan talakawa daga kowace jiha, har da samarin Birnin Kudu da Gwaram da Buji. Yaro ya cike fom ta intanet, a tantance shi, a kai shi difo a Zariya ya yi wata shida yana shan horo, ya fito kurtu. Daga nan wasu Borno, wasu Yobe, wasu dazukan Zamfara da Katsina. A can ne ake ƙulla irin abotar da zaman gari ba ya haifarwa. Mutum biyu a rami ɗaya, ɗaya ya yi barci ɗaya ya yi gadi, jarkar ruwa ɗaya, waya ɗaya idan ta ɗayan ta mutu. Kowa yana riƙe da lambar mahaifiyar ɗan'uwansa, kuma duk sun san dalilin riƙe ta ko da ba su faɗa ba.

Idan ta Allah ta kasance, galibi ba a kawo gawa gida. Ana binne sojoji a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri, wasu kuma a maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja. Sau da yawa abokin ne ke fara kiran gida kafin saƙon hukuma ya iso. Bayan ya kashe wayar, a can gida za a shimfiɗa tabarmi, shi kuma zai koma ramin da suka haƙa tare, domin gadi ba ya jiran makoki.

Ƙasa ta taɓa ganin soja yana kukan rashin abokin aiki a fili. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi da ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Yaƙi, ya rasu a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016 yana da shekara 36. Ranar da aka binne shi a Abuja tare da sojoji shida da suka faɗi tare, babban hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya kasa riƙe hawaye a gaban jama'a. An yi ta yaɗa hoton, kuma ban ji wanda ya ce girmansa ya ragu ba. Shekara biyu bayan haka, ranar 18 ga Nuwamban 2018, aka afka wa bataliya ta 157 a Metele, kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba yana cikin waɗanda suka rasu. Rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafafen yaɗa labarai suka ba da adadin da ya ninka haka. An yi ta jayayya a kan yawan matattu. Waɗanda suka fito da rai daga Metele, suka kwana a daji suna lissafa wa ya rage wa ya tafi, su ba su shiga lissafin kowa ba.

Wani ɗan unguwarmu, kofur ne, ya taɓa zuwa gida da fas, wato izinin hutu, bayan ya daɗe a Borno. Da yamma ya same ni ya ce, "Yaya, don Allah gobe ka raka ni wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ni kaɗai ba zan iya ba." Abokin raminsa ne nakiya ta tashi da motarsu wata da watanni da suka wuce, shi yana motar baya. Yana riƙe da wata baƙar leda da ya naɗe ta ya sake naɗewa. A ciki akwai waya mai fasasshen gilashi, da agogo, da carbi, da ɗan littafin addu'o'i da gefensa ya yi baƙi don riƙo.

Mun isa bayan la'asar. An daɗe da naɗe tabarmin makoki, gida ya koma harkarsa, ana ta sussukar dawa a gefe. Mahaifin ya karɓe mu a zaure. Kofur ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri?" Dattijon ya ce, "Haƙuri sai godiya." Ya karɓi ledar, bai buɗe ba, ya ajiye a gefen ƙafarsa. Tambaya uku ya yi, a hankali, yana kallon ƙasa: ya sha wahala? Ya samu yin kalmar shahada? An yi masa sallah? Kofur ya amsa kowace da murya a tsaye, kamar yana ba da rahoto. Sai dattijon ya ce, "Shiga ka gaida tsohuwarsa."

Ni na tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kai ne wanda yake cewa kuna cin abinci kwano ɗaya?" Ya ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "Sannu ɗana. Kai ma ya haƙuri? Mu nan gari ya taru ya yi mana gaisuwa. Kai wa ya yi maka?"

Mutumin da ya amsa tambayoyin uba bai ko ƙifta ido ba, sai ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar ransa zai fita. Ita ce ta koma tana ba shi baki.

A hanyar dawowa ya daɗe bai yi magana ba. Sai da muka kusa Babaldu ya ce, "Yaya, wallahi tun da abin nan ya faru babu wanda ya ce min ya haƙuri. Washegari ma sintiri muka fita." Ya ciro wayarsa ya nuna min wani abu. Idan sun samu sabis a sansani, su kan yi irin wasan nan na tawagar mutum huɗu don rage dare. Sunan marigayin yana nan a jerin abokan wasansa, da ɗan hotonsa, da rubutun da ke nuna yaushe rabonsa da shiga. Ya ce bai iya goge sunan ba, kuma bai sake buɗe wasan ya yi ba.

Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. To wannan ba a ɓoye masa ba, a gabansa aka yi, amma kukan ne aka hana shi. Tun yana ƙarami ake gaya masa namiji ba ya kuka, kaki ya zo ya ƙara ɗaure maganar, sannan wasu su ɗora da cewa hawaye rashin tawakkali ne. Wannan na ƙarshen ba shi da madogara. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe tuta aka kashe shi, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karɓa aka kashe shi, Abdullahi ɗan Rawaha ya karɓa aka kashe shi, sannan Khalid ɗan Walid ya ɗauka ya janye da rundunar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mutanen Madina rasuwarsu idanunsa suna zubar da hawaye, kuma ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar abinci. A Uhudu kuma, shekara ta 3, inda aka rasa sahabbai kusan saba'in, an haɗa Amru ɗan Jamuh da Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram a kabari ɗaya saboda amincin da ke tsakaninsu a duniya. Addinin da ya lura da abota har cikin kabari ba zai hana aboki zubar da hawaye ba. A labarin Mu'uta an ɗauki tuta an ci gaba da yaƙi, kuma an yi kuka. Ɗaya bai hana ɗaya ba.

Inda na rabu da masu rubuta wasannin nan shi ne a kan abin da ke biyo bayan kukan. A wurinsu maganin rashin aboki ɗaya ne, ramuwar gayya. Price ya bi Makarov, mutumin da ya jawo mutuwar Soap, har ya kashe shi da hannunsa a saman wani otal, ya zauna ya kunna taba, labari ya ƙare. Yaro mai shekara goma sha biyar da ke kallon wannan zai ɗauka cewa da an kashe wanda ya yi kisa, zuciya ta huce. Sojan gaske galibi bai ma san wanda ya binne nakiyar ba. Idan ya ɗauki wannan wuta ya shiga da ita ƙauye, wanda bai ji ba bai gani ba ne zai ƙone, kuma shi ma ba zai samu barci ba. Ya kamata mu riƙa tuna cewa wasannin yaƙi ba duka don nishaɗi kawai aka yi su ba. Rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar da wasa mai suna America's Army a 2002 domin jawo matasa su shiga soja, ta kuma riƙe shi har 2022. Wanda ke neman kurata ba zai daɗe yana nuna musu daren da tsohon soja ke kwana zaune ba.

Wannan daren kuwa yana nan. Baƙin cikin da ba a fitar ba kamar ƙaya ce da ta karye a tafin ƙafa: fata ta rufe, mutum yana tafiya, amma duk taku yana jin ta, wata rana kuma ta ɗuri ruwa. Iyalan sojoji sun san alamun. Mutum ya dawo gida ba ya son hayaniya, salansar babur ta buga ya zabura, ya yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya daina zuwa majalisa. Wani ya faɗa shan ƙwaya don ya samu runtsawa. A ƙasan duk wannan akwai tambayar da ba ya faɗa wa kowa: me ya sa motarsu ce a gaba ba tamu ba? Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, yana da suna a littattafansu, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, akwai na Kazaure a nan Jigawa, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu inda za a iya fara ganin likita. Abin da ke tare mutane shi ne tsoron a ce wane ya taɓu. A Amurka ma har da kayan wasan aka yi magani: wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Albert Rizzo, ya ɗauki hotunan wani wasan yaƙi mai suna Full Spectrum Warrior ya gina wata manhaja da ke mayar da sojan da ya dawo daga Iraƙi wurin da abin ya same shi, a hankali, likita yana gefensa, har bakinsa ya buɗe ya ba da labarin. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne mutumin ya yi magana wani ya saurara. Tsohuwar can ta ƙasar Gwaram ta cimma wannan da tambaya ɗaya.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A Abuja da Dutse da sauran manyan biranen jihohi ana ajiye furanni, a busa bigila, a saki tantabaru. Yana da kyau a yi. Amma nisan da ke tsakanin filin fareti da zauren gidan su kofur ba ƙarami ba ne, kuma abin da zai cike shi yana hannun liman da mai unguwa da abokan majalisa. Idan soja ko ɗan sanda ya zo gida aka san ya rasa abokin aiki, babu abin da zai hana a je a gaishe shi kamar yadda ake gaida dangi, a yi addu'a a masallacin unguwa da sunan marigayin, a bar shi ya ba da labarin idan yana so, a ƙyale shi idan ba ya so.

Su kansu sojojin suna da hanyoyinsu na dangana, kuma duk sun fi na Price. Akwai mai aika wa marayun abokinsa kayan sallah duk shekara daga ɗan albashinsa. Akwai wanda matarsa ta haihu ya yi wa marigayin takwara, don ya riƙa kiran sunan kullum a tsakar gida. Kofur ɗin unguwarmu, kafin fas ɗinsa ya ƙare, ya sake komawa ƙauyen shi kaɗai, ya kai wa dattijon buhun taki, ya kwana a ɗakin abokinsa.

Ranar da zai koma na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika sai ya ce min an daɗe da turo wani yaro sabon fitowa daga difo aka haɗa su rami ɗaya. "Yaya, wata nawa muna tare, ban taɓa yarda na kira shi da sunansa ba, sai dai in ce kai. Yaron yana ganin kamar na tsane shi ne." Kwandasta ya fara kiran fasinja su shiga. Ya saɓa jakarsa ya ce, "Idan na isa zan karɓi lambar mahaifiyarsa, in ba shi ta Innarmu."